Amsoshin Wasiƙunku: 'Yar Tsana, Tsaraba, Da Abin Da Garma Ta Tono

A wannan mako wasiƙu uku muka ware, ɗaya daga Ƙauran Namoda, ɗaya daga Shinkafi, ɗaya kuma daga ƙasar Zurmi. Mun haɗa su wuri ɗaya ne don duk a kan abu guda suke tambaya, wato 'yan tsana da mutum-mutumi na da, waɗanda ake jin cewa Turawa na saye da tsada.

Kafin mu shiga wasiƙun, bari mu share fage. Gaskiya ne, akwai mutane a ƙasashen duniya waɗanda sha'awarsu ita ce tara 'yan tsana na ƙasa-ƙasa, kamar yadda uwargida a nan take jera kwanonin sha da tasoshi a ɗakinta. In mutum ya je wata ƙasa yawon buɗe ido, sai ya sayo 'yar tsana mai sanye da tufafin mutanen wurin, ya ajiye don tunawa. A arewacin Japan akwai ta itace mai suna kokeshi, ba hannu ba ƙafa, wadda tun da can ake sayar wa baƙi masu zuwa wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi. A Ghana, Ashantawa na da akuwaba mai faffaɗan kai, wadda mace mai neman haihuwa kan goya. Yarabawa na da ibeji, da ake sassaƙawa in ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu. Mu ma nan muna da tamu, ta tsumma da ta kara da ta totuwar masara, har 'yan mata kan yi mata biki da kai gara. To amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Iri uku ne: akwai ta wasan yara, akwai ta tsaraba, akwai kuma wadda ta fito daga ƙarƙashin ƙasa. Kowace da hukuncinta.

WASIƘA TA FARKO. Wata Hajiya daga Ƙauran Namoda ta ce marigayi maigidanta ya yi karatu a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, ya zo mata da wata 'yar tsana ta itace, wadda in an buɗe cikinta sai a ga wata, a buɗe wannan a ga wata, har guda bakwai. An ce mata tana da kuɗi. Tana tambaya ko ta sayar.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta. Wannan da ke hannunki sunanta matiriyoshka. An fara yin ta a Rasha wajen 1890, aka kai ta wani babban baje koli a birnin Faris a 1900, daga nan ta yi suna a duniya. Sai dai a zamanin Sobiyat masana'antu ne suke yin ta dubbai, musamman a garin Semyonov da garin Zagorsk, wanda yanzu ake kira Sergiyev Posad. Abin da aka yi shi da yawa kuwa, ba ya tsada, ko ya tsufa.

Masu tara irin waɗannan kaya abu huɗu suke dubawa. Shekarunta nawa? Irinta nawa suka rage a duniya? Lafiyarta lau, ko ta tsage ko fenti ya kankare? Sannan an san asalinta, wato wa ya yi ta, a ina, kuma hannun wa da wa ta bi? Ga misali. 'Yar tsanar roba ta Amurka mai suna Barbie, da ta fara fitowa a 1959 dala 3 ake sayar da ita. Ta wannan zubin na farko, in tana nan cikin kwalinta ba a taɓa ta ba, takan kai dubban daloli a wurin gwanjo. Amma miliyoyin da aka yi daga baya, ko a kasuwar gwanjonmu ta nan ana samun su a tsibi.

Saboda haka Hajiya, duba ƙasan babbar, sau da yawa akan sami hatimi ko 'yar takarda a manne. Kada ki ɓamɓare ta, kada ki wanke da ruwa, kada kuma a sake mata fenti. Ki nisanta ta da rana da laima da gara. Ki sa ɗaya daga cikin yaranki ya rubuta sunan wanda ya kawo ta, da garin da ya yi karatu, da shekarar da ya dawo, a naɗe takardar a sa a ciki. Abin da dillali zai ba ki ba zai kai darajar da take da ita a wurin jikokin marigayi ba.

WASIƘA TA BIYU. Wani Alhaji, ɗan kasuwa a Shinkafi, ya ce ya ji labarin akwai Hausawa da suka yi arziki da sayar wa Turawa irin waɗannan kaya a ƙasashen waje. Yana son ya san gaskiyar maganar, kuma ko akwai hanyar shiga.

Alhaji, maganar da ka ji gaskiya ce. An daɗe da sanin fataken Hausawa, na Nijeriya da na Nijar, da wannan sana'a a birnin Abijan, har wani masani Ba'amurke mai suna Christopher Steiner ya zauna da su ya rubuta littafi a kansu a 1994. Wasunsu sun kai har birnin New York, suna baje kayansu a unguwar Harlem. A nan gida ma, in ka shiga kasuwar Kurmi a Kano za ka ga rumfunan kayan tsaraba, haka kuma a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai akwai masu sana'ar hannu da ke aiki a gaban baƙi suna sayarwa.

Amma ka san sana'ar tana da fuska biyu. Akwai masu sayen sabon sassaƙe su sayar da shi a matsayin sabo. Wannan halal ɗin ciniki ne, kuma yana ciyar da masassaƙi da baduku da maɗinki. Akwai kuma masu ɗaukar sabon itace su turara shi da hayaƙi, su shafe shi da goro, ko su binne shi kusa da suri gara ta ɗan ci, sannan su rantse cewa ya shekara ɗari. Wannan ha'inci ne, daidai yake da mai zuba tsakuwa a buhun wake. Ranar da asiri ya tonu, ba shi kaɗai ake daina yarda da shi ba, har da 'yan'uwansa na rumfa.

Game da hukuncin addini kuwa, ya zo a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama. Wannan maganar wasan yara ce. Cinikin sassaƙen siffar mutum kuwa malamai sun yi bayani a kansa, sai ka zauna da malaminka kafin ka zuba jarinka.

In shawararmu za ka bi, ka fara da abin da ƙasarmu ta fi kowa. Fatar jan akuyar Sakkwato ta daɗe tana tsallake Sahara, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko don ta can take isa gare su. Ga faifai, ga ƙwarya mai zane, ga hula, ga 'yar tsanar tsumma da matanmu za su iya ɗinkawa da ƙyallen atamfa da saƙi. In za ka fita da su waje, ka fara kai su ofishin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a duba, a ba ka takardar shaidar cewa ba kayan tarihi ba ne, don kada a tsare ka a bakin iyaka ko a filin jirgi.

WASIƘA TA UKU. Wannan ita ce ta fi nauyi. Wani manomi daga ƙasar Zurmi ya ce yana huɗa a gonarsa garma ta tono wani kai na gasasshen yumɓu, da idanu da gemu, kamar na babbar 'yar tsana. Wani baƙo ya ji labari, ya zo ya taya da kuɗin da ya fi na buhun gero, ya kuma ce in ya yarda a haƙa gonar zai ƙara masa. Maƙwabcinsa kuwa ya ce gunki ne, a fasa shi. Yana tambaya wanne zai bi.

Malam, kada ka bi ko ɗaya. Wannan ba 'yar tsana ba ce, ba kuma tsaraba ba ce. Kayan tarihi ne, kuma akwai doka a kansa.

Bari mu ba ka labari. A 1928 masu haƙar kuza suka tono irin wannan a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. Bayan shekaru, aka sami wani kan a yankin Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don tsorata masu ɓarna, har ya kai hannun wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga 2005 masanan jami'ar Frankfurt ta Jamus tare da na Nijeriya suka shiga haƙa a tsanake a yankin. Suka gano cewa mutanen Nok sun fara zama a wurin kimanin shekara 3,500 da suka wuce, suna noman gero da wake, har alamar zuma aka samu a jikin tukwanensu. Ka ga ashe manoma ne irinka. Yaya aka yi aka sani? Don an sami kayan a inda suke kwance, tare da gawayi da ƙwayar hatsi da fasassun tukwane. Waɗannan tarkacen su ne shaidu. In an cire kai aka watsar da su, an sami abin ado, amma labari ya tafi har abada.

Abin da ya faru a ƙasarmu ke nan. A shekarun 1990 aka yi ta haƙa ba bisa ƙa'ida ba a yankin Sakkwato da Katsina, har da wajen dutsen Kwatarkwashi nan kusa da Gusau. Dillalai suka kwashe kaya suka tsallakar da su Turai, aka bar wa manoma ramuka a gona. Abin ya yi muni har a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar ce aka ga guda 3 a gidan tarihi na Louvre a Faris, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya a kan faran miliyan 2 da rabi, kuɗin Faransa na lokacin, ba sefa ba. Sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. To Malam, auna wannan kuɗi da buhun geron da aka taya maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga abin da doka ta ce. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi. Ta hana haƙa don neman su ba tare da izini ba, ta kuma hana fita da su waje ba takarda. Wanda ya tsinci irin wannan abu, ana son ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Wanda ya saɓa, akwai tara ko ɗauri. Baƙon nan in ya tafi ya tafi, kai ne mai gona, kai za a zo a tarar.

Saboda haka ka yi haka. Kada ka wanke shi, kada ka kankare, kada ka ƙara haƙa wurin. Ka sa alama a inda garma ta tono shi. In akwai mai waya kusa, a ɗauki hotonsa da na wurin. Ka naɗe shi a tsumma ka ajiye inda yara ba za su kai ba. Sannan ka gaya wa mai unguwa ko dagaci, ya kai maganar gaban hakimi, a rubuta wa ƙaramar hukuma. A irin halin rashin tsaro da yankinmu yake ciki, kada ka yi cinikin ɓoye da wanda ba ka san asalinsa ba, kuma kada labari ya bazu cewa akwai dukiya a gonarka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga maƙwabcinka kuma, ka lallashe shi. Ba wanda ya ce a bauta wa abin nan. Ajiye shi shaida ce cewa an yi mutane a nan kafin mu, suka yi noma, suka gina, suka shuɗe, kuma a cikin wannan akwai wa'azi ga mai hankali. Kada ka manta, masana tarihi sun ce a Dutsi, nan ƙasar Zurmi, aka fara kafa sarautar Zamfara. Wa ya san abin da gonarka za ta ƙara wa wannan tarihi?

To jama'a, a taƙaice: ta wasa a bar wa yara, ta tsaraba a adana ta tare da labarinta, sabuwa a sayar da ita da gaskiya, wadda ƙasa ta ɓoye kuwa amana ce ta al'umma duka. Nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.