Jawabi Ga Manoma Da Makiyaya Kan Sababbin Dokokin Bashi

Yau ba maganar taki ko rijiya ce ta kawo ni ba. Maganar bashi ce, don Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. In na ce duk wanda ba a binsa, shi kuma ba ya bin kowa, ya ɗaga hannu, na san ba zan ga hannu goma a wurin nan ba. To, dokokin da ke tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi sun sake a ƙasar nan tun daga 2017, amma ba wanda ya tako ƙauye ya gaya muku.

Mu fara da dabbobi. A da, da wuya banki ya karɓi jingina in ba gida ko fili mai takarda ba, shi ya sa talaka ko ƙofarsa ba ya leƙawa. A watan Mayu na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, lokacin yana riƙon kujerar shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar da ta tsara jinginar da kayan da ake iya ɗauka: shanu, injin ban-ruwa, babur, keken ɗinki, har amfanin gona. Akwai rajista a hannun Babban Bankin Nijeriya inda ake rubuta sunanka da abin da ka jinginar. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma ku ji ɗaya gefen. In ka kasa biya, mai bin bashi zai aiko maka da sanarwa, bayan kwana 10 yana iya zuwa ya kora shanun. In kuwa a cikin takardar da ka dangwala wa yatsa ka yarda da haka, ba sai ya je gaban alƙali ba. Abin da ya rage maka shi ne, in ya sayar, ya ɗebi nasa, sauran kuɗin naka ne. Ka nema, kada ka ji kunya.

Sai kuɗin ajiya. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna ikon bin mutum da lambar BVN. Ka ci bashi a wannan banki, ka kai kuɗin gyaɗarka wancan, kana ganin ka ɓoye? Ba ka ɓoye ba. Za a zare daga can a biya nan, ba sammaci, ba ɗan sanda. A 2022 aka ƙara musu cewa su yi ta zara har sai bashin ya ƙare. Ƙa'idar dai ta ce uwar kuɗi da ruwanta kawai za a ɗauka ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Kuma ku sani, izinin nan kai kake bayarwa da hannunka ranar da ka karɓi rancen, cikin takardun da ake miƙo maka ana cewa "sa nan, sa nan".

Maganar gona gajeruwa ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili sai da izinin gwamna, ko na ƙaramar hukuma in filin karkara ne da ake riƙe bisa al'ada. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da wani mai suna Ajilo ya yi wa bankin Savannah saboda rashin wannan izini. Amma kada wani ya jingina da wannan ya yi barci, don akwai shari'o'in da alƙalai suka ce wanda ya ci kuɗi bai isa ya fake da rashin izini ba.

Yanzu ku gyara zama, ga inda abin ya fi ci mini rai. Ba kullum ne manomi ake bi ba, sau da yawa shi ke bi. A ce ka kai buhu 50 na shinkafa shanshera kamfanin casa, aka ce ka dawo bayan mako biyu. Kafin ka dawo kamfanin ya durƙushe. Ina matsayinka?

Ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta maye gurbin ta 1990. Dokar ta ce maimakon a yi gwanjon kamfanin nan take, ana iya naɗa mai riƙo ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, har tsawon shekara guda, ana kuma iya ƙarawa. Muddin yana riƙe, ba mai kai ƙara, ba mai taɓa kayan kamfanin sai da yardarsa ko ta kotu. Hikimar ita ce kada ma'aikata su rasa aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kai da ka ci bashin taki don noma shinkafar nan, wa ya ba ka hutun shekara guda? Damina ba ta jiran mai riƙo.

In kuma abin ya gagara aka zo rabon dukiyar kamfanin, layi ake yi. Dokar ta sa mai jingina a gaba, wato yawanci banki. Bayansa kuɗin aikin rufe kamfanin, da haraji, da albashin ma'aikata. Sa'an nan kai, mai buhu 50, tare da direban da ya ɗauko kayan da mai sayar da buhuna, ku raba abin da ya saura, in ya saura. Masu hannun jari ne kaɗai ke bayanku.

Saboda haka, kada ka sauke kaya sai an ba ka rasit mai sunan kamfani da hatimi, an rubuta yawan buhu da farashi. "Ai na san manaja" ba shaida ba ce a Babbar Kotun Tarayya, kuma can ake irin wannan shari'a. In aka yi shelar masu bin kamfani bashi su kawo shaidarsu, a jarida ake bugawa. Ku sa ɗan makarantarku ko sakataren ƙungiyar gama-kai ya riƙa dubawa, ku shigar da takardunku tare kafin wa'adi ya cika.

Dokar kamfanoni da ta jinginar kaya duk a Majalisar Tarayya aka yi su, kuma ku kuke tura mutane can. An yi wa kamfani sabuwar doka a 2020, amma ta mutum ɗaya wanda arzikinsa ya karye tana nan tun ta 1979. In mai neman ƙuri'a ya zo dandalin nan, bayan an gama kiɗa, wani dattijo ya tashi ya tambaye shi: in kamfani ya karye da kuɗin manomi a hannunsa, za ka nemi a matso da manomi gaba a layi, ko a bar shi inda yake? Ku sa malamin makaranta ya rubuta amsarsa, da rana da wata, a ba mai unguwa ya ajiye.