Aya-aya a Cikin Lambu

 Maganarmu ta yau a kan aya-aya ce, ciyawar nan da waɗansu ke kira jiji. Kai mai lambu a bayan gida, ko a fadama, ka san ta sarai. Ka nome ta ran Laraba, kafin wata Laraba ta zagayo ta sāke fitowa kamar ba ka taɓa sa mata fartanya ba.

Ga dalili. Ganyen da kake gani a sama ba shi ne ƙarfinta ba. Ƙarfinta yana cikin ƙasa. Ka tona a hankali, za ka tarar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu tauri, kamar na aya, don kuwa danginsu ɗaya. Wata saiwa siririya kamar zare ita ke haɗa su, wannan da wancan, kamar carbi. Yawancinsu barci suke yi. Amma da ka sari ƙasa ka tsinke zaren, sai kowace ƙwaya ta farka ta fid da nata tsiro. Watau noman ganin dama ba ya kashe ta, shuka ta yake yi.

Ba ku kaɗai take wahalarwa ba. A shekarar 1977 wani masani na Amurka, LeRoy Holm, da abokan aikinsa suka rubuta littafi a kan miyagun ciyayi na duniya, suka sa ta a kan gaba, don ana kuka da ita a ƙasashe fiye da 90.

To, abu biyu ne ba ta iya jurewa: bushewa da inuwa.

Na farkon Allah ya ba ku shi kyauta. In ka cire albasa, zafin bazara ya kama, ka daina ba wurin ruwa ɗungum. Ka sa garma ka juye ƙasa, zurfin taƙi guda, domin yawancin ƙwayoyin ba su wuce nan ba. Ka bar su a rana kamar mako 2, ka sāke juyawa, ka bar su kuma. Ƙwayar da ta bushe ƙayau ba ta sāke tsiro. Waɗanda ka iya tsincewa ka tara ka ƙone. Kada ka zuba su a juji, sai ka mayar da su lambu da hannunka ran kai taki.

Inuwa kuwa, albasa ba ta da ita, shi ya sa aya-aya ke cin ta ƙwarai. Wurin da ta yi yawa ka sa dankali ko wake da damina, su rufe ƙasa.

Wadda ta fito bayan wannan, ka cire ta kowane mako 2, tun ba ta yi sababbin ƙwayoyi ba. Kowane tsiro da ta fitar abincin ajiyarta take ci, har ta ƙare. Amma fa ba aikin shekara guda ba ne. Wanda ya ce maka ya gama da ita cikin rani ɗaya, ka je lambunsa baɗi ka duba.

Sa'an nan in za ka karɓo dashe wurin maƙwabci, ka karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwar ka duba da kyau kafin ka dasa.