Airis Mai Gemu: Furen Da Ba Ya Son A Binne Shi

Duk wanda ya taɓa zagaya lambunan Ingila ko Amurka a ƙarshen watan Mayu ba zai rasa ganin wani dogon fure ba, mai ganye kamar takobi, wanda ake kira airis. Asalin sunan Girkanci ne, ma'anarsa bakan gizo, saboda yawan launukansa. Yau za mu tattauna a kan wani shuɗinsa mai suna Victoria Falls.

Iyalin Schreiner, manoman furanni a jihar Oregon ta Amurka, su ne suka fito da shi a shekarar 1977, suka raɗa masa sunan mashahurin gangaren ruwan nan na kogin Zambezi. A 1984 ya ci lambar yabo ta Dykes, wadda babu kamarta a wurin masu noman airis. Karansa yakan kai mita ɗaya. Furen yana da kunnuwa shida, uku a tsaye, uku sun rusuna, kuma a kan kowane rusunanne akwai ɗan farin gashi. Wannan gashi shi ne gemun.

To, yaya ake dasa shi? Tushensa ya yi kama da ɗanyar citta, kuma a nan ne yawancin sababbin masu lambu ke yin kuskure. Sukan binne shi da zurfi kamar doya, sai ya ruɓe, ko ya yi ta ganye babu fure. Abin da yake so shi ne a kwantar da shi, saiwoyinsa a cikin ƙasa, gadon bayansa yana shan rana. A zaɓa masa wurin da rana ke kai aƙalla awa 6 a yini, wanda ruwa ba ya kwanciya. A bar tazarar santimita 30 zuwa 60 tsakanin tushe da tushe. Lokacin dashe kuwa daga Yuli ne zuwa Satumba, domin ya kama ƙasa kafin sanyi ya shigo. Kada a cika masa taki mai yawan naitirojin, domin shi ma yana jawo ruɓa.

Bayan shekara 3 ko 4 tushen yakan cunkushe, furen ya ragu. Sai a tone, a rarraba, a zubar da tsohon, a rage tsawon ganyen, a sake dasa sababbin.

Ga wata shawara ga mai niyyar kai shi gida tsaraba. Wannan tsiro sai ya sha sanyin hunturu irin na Turai kafin ya yi fure sosai, saboda haka a ƙasashe masu zafi da wuya ya biya wahalar mai shi. Amma wanda ke zaune a ƙasar sanyi, in ya dasa bana, ana sa ran ya ga shuɗin furensa baɗi ko baɗin baɗaɗa. Mahaƙurci mawadaci.

Sai wani makon. Ku huta lafiya.