Zomon Senegal ya shiga littafi, Gizo fa?



Wa ke tuna Leuk, zomon nan sarkin wayo, da Buki, kura uwar kwaɗayi? Da yawanmu a lakkwal muka san su. Senghor da Abdoulaye Sadji suka fitar da littafin a 1953, kuma tatsuniyoyin ƙasarsu Senegal suka kwaso suka zuba a takarda. Shi ya sa ya shiga ranmu: zomo da kura ai ƴan gida ne.

Amma da Faransanci muka karanta shi. Gizo da Ƙoƙi kuwa, yawancinmu a bakin kaka kaɗai muka ji su, bayan tuwon dare.

A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. To, me ƙannenmu za su karanta da ita? Doka ba ta rubuta littafi. Ga tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da tatsuniyoyinsa.

Roƙona ɗaya ne. Wannan hutun, kowa ya zauna gaban kakarsa, ya ɗauki muryarta a waya, ya rubuta tatsuniya guda. Da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Buzanci, duk muna so. Masu zane, ku fiddo mana fuskar Gizo.