Irin shukarmu ba na kamfani ba ne

Jama'ar Malanville, manoman albasa da shinkafa na bakin kogin Isa.

Kun san albasar Galmi. Manoman Nijar suka gaji irinta kaka da kakanni. Duk da haka wani kamfanin iri na Dakar, Tropicasem, ya tafi ofishin OAPI a Yawunde neman takardar mallakarta. Sai da manoman Nijar da gwamnatinsu suka tashi tsaye kafin a hana shi sunan Galmi.

Kada ku ce abin can ne. Benin na cikin ƙasashe 17 na OAPI, kuma tun 2006 dokarta ke ba mai takarda ikon sabon iri har shekara 25. In ka sayi irin mai takarda, kana iya ajiye na shukawa a gonarka. Amma ka auna ma maƙwabcinka ko tiya guda ka karɓi kuɗi, ba da izinin kamfani ba, ka taka doka. Wa ya taɓa zuwa Garou ko Madécali ya bayyana muku wannan?

In kun ba mu ƙuri'a, depitocinmu za su nemi a rubuta irin gargajiyarmu da sunan manoma, a kuma bar mana musayar iri a kasuwa yadda muka gada.