Jawabin Taron Ƙungiya: Yaranmu Masu Koyon Injiniya

Iyayenmu dattawa, da 'yan uwa mazauna Damagaram, Maraɗi da Yamai, barkanmu da taro.

Maganata kan yaranmu ce na Tanut da Belbeji da suka ci bak suka tafi koyon aikin injiniya, wasu EMIG ta Yamai, wasu jami'ar Maraɗi. Shekarar fari ita ke kada yaro.

A lise, mushe ya san sunansa, in ya yi fashi a neme shi. A jami'a kuwa, malami ya cika allo da lissafi ya fita, ba mai tambayarka ko ka gane. Ga zanen injuna, ga kwamfutar da wani bai taɓa riƙewa ba. Wanda ke na ɗaya a Tanut sai ya samu 6 bisa 20, kunya ta hana shi faɗa wa gida. Ga kuɗin ɗaki, bursi kuma takan yi jinkiri.

Roƙona uku ne. Mazauna birni, kowa ya riƙe yaro guda, ya ci tuwo gidansa ran Juma'a, a ji damuwarsa. Iyaye, a aika masa hatsi bayan kaka, kada a kira shi biki lokacin jarrabawa. Wanda ya faɗi, kada a ce ya lalace, a bar shi ya maimaita.

Damargu rumbun hatsi ce, amma rijiyoyinmu zurfi gare su. Famfo ya mutu, sai mu zauna jiran gwani daga Damagaram. Yaran nan su ne gwanayenmu na gobe.

Allah ya ba su sa'a. Wassalamu.