Mai Shago da Ɗan Haya a Lokacin Kariyar Arziki



Watakila wani ya ce me ya haɗa malamin Hausa da maganar hayar shago. Amsar ita ce daga kalma na faro. Kalmar haya baƙuwa ce, daga Turanci muka aro ta. Kafin zuwanta akwai sufuri, wadda a da take nufin biyan kuɗi don amfani da abin wani, ko da yake yau mun bar ta a bakin direbobi. Amma a duniyar fatauci kalmar da ta fi nauyi ita ce fatoma, watau maigidan da fatake ke sauka wurinsa, kuma a kan bambancin da ke tsakaninsa da mai shago na yau nake so mu tsaya.

Masu bincike irin su Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, da Polly Hill a Kumasi, sun bayyana yadda abin yake. Baƙo ya zo da shanu ko goro, maigida ya ba shi masauki da abinci da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali. In an sayar bashi, maigida ne ke tsayawa. Mahauci ya ƙi biya, shi za a kama. Ba kuɗin ɗaki yake jira ba, daga la'ada yake ci. Saboda haka in kasuwa ta faɗi, tare suke kwana da yunwa, kuma babu abin da maigida yake tsoro kamar a ce baƙinsa sun koma gidan wani.

To, dubi mai shago na yau, a Kantin Kwari ne ko a Sabon Gari ko a bakin titin unguwa. Kuɗinsa ƙayyadadde ne, na shekara ɗaya ko biyu, kuma tun kafin a buɗe ƙofa yake karɓa. Ga la'adar dillali a kai. Ɗan haya ya sayar ko bai sayar ba, wannan ba ruwan kowa. Muddin kasuwa na ci, ba mai lura da aibin tsarin. Sai an shiga matsi yake fitowa fili, mu kuwa mun sha shiga: a 1982, sa'ad da farashin man fetur ya faɗi gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, a 1986, da aka soma shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, a 2016, sa'an nan a 2023, da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu aka kuma saki naira a watan Yuni. Dalar da ake saye wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekara.

A irin wannan hali ƙaramin ɗan kasuwa ta fuska uku yake shan duka. Jarin da a da yake ɗauko masa bandir goma na atamfa, yanzu huɗu ko biyar yake ɗaukowa. Masu saye sun ja baya, domin abinci ya cinye albashi. Kana ga takardar ƙarin haya. Abin da yake sa ya kasa cewa a'a shi ne, ciniki ba a cikin jaka yake ba, a mazauni yake. Tela ko mai gyaran waya da ya shekara goma a kusurwa ɗaya, in ya tashi, rabin masu zuwa wurinsa ba za su bi shi ba. Mai shago ya san haka sarai.

Amma kada mu yi wa masu shaguna kuɗin goro. Na san a cikin wannan zaure akwai ma'aikatan da burinsu shi ne su zuba kuɗin sallama a shaguna uku ko huɗu a gaban gida. Ga irin wannan tsoho, haya ita ce fanshon da ba ta makara, kuma shi ma a kasuwa ɗaya yake sayen gero da siminti. Wanda ban ga uzurinsa ba shi ne mutumin da hukuma ta ba shi rumfa a kasuwa a kan kuɗi kaɗan, bai taɓa kasa ko allura a ciki ba, ya juya ya ba talaka haya ninkin-ba-ninkin. Wannan bai gina ba, bai gyara ba, takarda kawai ya riƙe.

Ko ta fuskar lissafi ma, korar ɗan haya a lokacin matsi sau da yawa hasara ce. A ƙa'idar da kotuna suka saba bi, in babu wata yarjejeniya, mai hayar shekara sai an ba shi wa'adin wata shida, sa'an nan na kwana bakwai, kafin a kai ga shari'a. Bayan an fitar da shi kuma shagon ya yi wata huɗu a kulle, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shekara ya tafi ke nan, ban da fenti da gyaran ƙofa. Da an yi wa na farko rangwamen kashi ɗaya cikin biyar, da an fi samu.

Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure bai rasa abin cewa a nan ba. A babin ciniki na Risala an yi maganar annobar da ke faɗa wa 'ya'yan itacen da aka saya a kan bishiya: in ɓarnar ta kai sulusi, ana rage wa mai saye gwargwadonta. Ban ce hukuncin ya hau kan shago kai tsaye ba, wannan aikin malaman fanni ne. Na dai nuna cewa raba hasara tsakanin mai dukiya da mai juya ta ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta keɓe wasu unguwanni, kuma inda masu nema suka fi shaguna yawa ana taka ta a ɓoye. Ni abin da nake ganin ya fi kusa da hannunmu shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumomin kasuwanni su zauna da masu shaguna, a yarda da biyan wata uku-uku, a rubuta tun farko yaushe za a yi ƙari da iyakarsa, a kuma binciki rajistar rumfunan hukuma a ga wa ke zaune a ciki.